Ban Taɓa Kama Iyaka Ba

Shekara talatin ina jefa taru a Logon,
tsakanin Kusiri da Njamena.
Na kama karfasa, na kama tarwaɗa,
sau ɗaya har takalmin soja na jawo,
amma iyaka, ban taɓa kama ta ba.

An ce tana nan a tsakiyar ruwa.
Na zura gora na taɓa, laka ce.
Kifin da ya kwana a Cadi
da safe a Kamaru nake gasa shi,
bai nuna wa kowa takarda ba.

Ran Laraba aka ce, "Iyaka ta rufe."
Ta rufe da me? Ƙyaure gare ta?
Ni dai jandarma na gani, mai tabo a haɓa,
ya sauke sandar ƙarfe a bakin gada,
ya koma inuwa yana kurɓar shayi.
Wani ne ya kira shi a waya,
wanin nan kuwa yana da suna, yana da uwa.

A kasuwa Tabawa ta ce, "Farashi ya tashi."
Na ɗaga kai, shirwa ce kawai ke shawagi.
Farashi ba shi da fiffike, Tabawa.
Buhunan masakwa na ɗakin Abaca,
ɗari biyu, da kwaɗo a ƙofa,
yana jira damina ta yi nisa.
Ta ce, "Rufa min asiri, yana bi na bashi."

To, na gane.
Farashi ba ya fushi,
ba ya aiko yaro karɓar kuɗi,
shi ya sa muke zaginsa da rana tsaka.
Zamani ma haka, kowa ya ɗora masa kaya
kamar jakin da ba mai shi.

Ni ma ban tsira ba.
Da dare mai ɗakina ta tambayi kuɗin cefane,
na ce, "Sa'a ce ta guje ni yau."
Ta ɗauko tarun,
ta zura hannu har kafaɗa cikin wani huji
da tun watan jiya nake cewa zan ɗinke.
Ta ce, "Ta nan ta bi?"

Ban tanka ba.
Na nemi zare,
na matso da fitila.