Sharaɗi Na Bakwai

Na ari biro a hannun ƙanena,
na yage tsakiyar littafin lissafinsa,
na kifa tire a cinya ya zama tebur.
Fitilar waya na jingine a wuyan randa.
Yau Dayyabu mai hoto zai ɗaure magana da tawada,
don maganar baki ta cinye mini damina biyu.

Na ɗaya: rabin kuɗi kafin in ɗaure jaka a bayan babur.
Ban da "Allah ya kai mu", ban da "bari a sayar da riɗi".
Haladu na Kyarama, riɗinka ya je kasuwa ya dawo atamfa,
dubu sha takwas ɗina na nan tsaye a gonarka
kamar mutum-mutumi, ko tsuntsu ya daina tsoronsu.

Na biyu: man babur da na janareta, a wuyan ango.
Na uku: awa huɗu, awa huɗu ce.
In an ce kamu da la'asar
aka fito da amarya bayan isha'i,
duhun ba nawa ba ne,
kada a ce na dusashe 'yar mutane.

Na huɗu, don Gwaggo Tabawa na rubuta shi,
wadda ta ce in share mata shekara goma a goshi
in ƙara wa haƙorin Makkanta walƙiya.
Kyamara ba ta ƙarya, Gwaggo, ni nake yi mata,
kuma ɗari biyar ce kowace fuska.

Na biyar: in kogi ya kawo ya raba ni da garinku,
ba ni da laifi, ba ku da shi.
Na shida: hoton matan biki ba ya barin hannuna
sai zuwa hannun da ya sa hannu a nan.
Abokin ango mai raɗa mini "turo min mai shuɗin mayafi",
gidansu yana da ƙofa, bi ta can.

Baba ya yi gyaran murya daga zaure:
"Takarda, tsakaninka da waɗanda suka ci tuwon sunanka?
Mu da goro ɗaya muke sayar da sa."
Na ce, Baba, goron yanzu baki kawai yake rinawa.
Ya yi dariya, bai yarda ba, ya ja ƙyaure.

Na bakwai: bayan wata shida zan goge komai,
memori ya cika, ba ni da kuɗin wani.
Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi,
sai hannuna ya ƙi gaba.

Lawandi ne ya faɗo mini, ranar da ya zo bara da kaka,
sallamarsa ƙasa-ƙasa, ɗansa a kafaɗa,
yaron da kwana tara kacal ya sha nonon uwa.
Ya ce, "Ko kana da sauran na Barira?
Namu ruwa ya tafi da su tare da ɗakin."
Shekara uku da bikin, ina binsa dubu huɗu.
Na tona, na tona, sai ga ta
tana dariya, lalle bai gama kama tafinta ba,
ta ɗaga hannu tana kare ido daga haskena.
Yaron ya dangwala yatsa a gilashin,
ya bar maiƙon ƙuli a kumatunta.
Bai ta da zancen bashi ba. Ni ma haka.

Na soke na bakwai har biro ya huda takarda.
Na takwas: a zuba wa mai hoto abinci, shi ma da cikinsa ya zo.

Gobe in shiga Ringim a buga mini hamsin,
da wurin sa hannu, da wurin dangwale,
da shaidu biyu, ban da abokan ango.
Mai bugawa zai ce, "Daga shida ka tsallaka takwas."
In ce, bar gurbin haka, malam.
Nawa kuke sayar da sabon memori?