Ƙosan Iya Risika a Shara Mansur

Na sauke tsoho na bakwai a ƙarshen Marwa,
na naɗe keken turawa, ƙafafuna sun yi tsami.
An sallame asuba. Makka ba ta barci,
ni ma ba barcin nake nema ba.

Bayan shagon Bayamale mai darduma,
inda na'urar sanyi ke tofa zafi kan titi,
nan Iya Risika ke girke kasko kan gas.
Kafin ka gan ta za ka ji ta:
faf, faf, faf, muciya cikin roba,
tana bugun ƙullu har ya kumbura ya yi numfashi.

Ita ta ce akara. Ni na ce ƙosai.
Shekara shida muna wannan gardama,
ba wanda ya kayar da wani.

Waken ba na gida ba ne, na buhun Jidda ne,
amma baƙin idon nan ɗaya ne ko'ina, in ji ta.
Cikin dare take tuɓe masa riga,
ya fito fari fat kamar mai harami.
Albasa, attaruhu, gishiri ɗan yatsa uku.
Manja kuwa sai wata alhajiya ta taho daga Ikko,
kwalba guda a ƙasan jaka,
ana ɗiga shi kamar turaren tsada.
"Namu na Ogbomosho ja ne," ta ce,
"naku, Malam Ɗanjuma, ai bai ƙoshi ba."

Riyal biyu, guda biyar, da gyara in ta ga dama,
a yagin jaridar Larabci.
Mai ya ratsa takarda har haruffan baya su leƙo.
Na farko kullum sai ya ƙona mini harshe,
ban taɓa koyon jira ba.
Ɓawo ƙurmus, ciki laushi kamar auduga,
sai in ji ni a bakin tasha a Funtuwa,
da kofin koko, da uwata ba ta rasu ba.

Wani lokaci yaro kan yi fito daga kwana:
motar baladiyya!
Ta kashe wuta, ta jefa buhu kan kasko,
ta zauna tana jan carbi kamar mai jiran wani.
Waɗanda suka daɗe a mai suka yi duhu
ni take ba, kyauta.

Yau na zo. Ba faf, faf.
Da'irar mai kawai a kan siminti,
da kyanwa tana shinshina ta.
Bayamale ya nuna sama da haɓarsa,
wajen da jirage ke bi.

Na tsaya da riyal biyu a tafin hannu.
Na ce, "Akara,"
a hankali,
ba ta nan balle ta ce ta ci gardama.