Rigar Fada Ndukoya

Ni na ɗinka masa rigar farko,
yadi biyar da rabi, fara sol,
a rumfata ta bakin kasuwar Mokolo.
Ɗan Mafa ne, dogo, kafaɗar hagu ta sauka
don duwatsun da ya ɗauka yana yaro
a gonar ubansa ta kan tsauni.
Sai da na rage ɗinki ta wannan gefen.
Maɓalli talatin da uku ya ce in sa,
wai shekarun Almasihu ke nan a duniya.

Ni Musulmi ne, ban san dokarsu ba.
Abin da na sani, shi ya faɗa mini
yana zaune kan buhun ƙyallaye:
"Malam Sallau, alkama sai ta haye teku,
ruwan inabi sai ya kwana a Duwala.
Damina ta cinye hanyar Koza,
wata uku mutanena ba Jibin Ubangiji.
Wanda ya halicci dawa, zai ƙi ta a teburinsa?"

Ya sa Sisiliya, gwauruwa, ta gasa masa jar dawa.
Ya ɗaga ta sama a gindin tsamiya,
da ƙoƙon giyar da suke kira bilbil.
Ya miƙa wa mace Linjila ta karanta a gaban maza.
Ya rubuta takarda mai shafi arba'in:
masu wa'azin ƙauye, masu mata da 'ya'ya,
a ɗora musu hannu, su ma su raba gurasa.

Ba kowa ya yi murna ba.
Wani dattijo ya tare shi a bakin rijiya:
"Tulun giyar kakanni muka fasa muka bi ku,
yau ka dawo mana da shi a kan bagade?"
Fada ya daka masa tsawa. Yana da zuciya,
kuma bai iya ba da haƙuri da wuri ba.

Daga Marwa aka kira shi sau biyu.
Na uku, ambulan ne daga Roma,
hatimin ofishin Paparoma a goshinsa.
Layi ɗaya aka bar masa a ƙasa:
ya sa hannu, ya ce ya yi kuskure.
Na ce, "Fada, ƙwai ba ya ja da dutse."
Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."
Ya mayar da takardar yadda ta zo.

Suka karɓe bagade, suka karɓe makulli.
'Yan wani coci suka zo da mota, ya ce su koma.
Kowace Lahadi yana bencin ƙarshe,
yana amsa "Amin" ga yaron da ya koya wa Latin,
yana addu'a ga Paparoma, da suna, da ƙarfi,
har ana waiwayowa.

Wata Laraba ya kawo rigar a leda.
"Yanka ta, ka fitar mini da taguwa biyu."
Na ɗora almakashi, hannu ya ƙi.
Na sayi sabon yadi da kuɗina,
na ɗinka masa taguwa, ban ce komai ba.
Ko ya gane, bai nuna ba.

Shekara goma sha tara yana haƙa rijiyoyi,
yana koya wa yara lissafi a inuwar rumbu.

Jiya jikan Sisiliya ya zo a kan babur
neman farin yadi, wai Fada ya cika da asuba.
Na buɗe akwatin ƙarƙashin keke.
Na bi shi har Koza, rigar a cinyata.

Limamin cocin ya dube ta, ya dube ni.
Na ga yana lissafin abin da Marwa za ta ce.
Sai ya durƙusa, ya fara sa maɓalli daga wuya.
A na ashirin da shida zare ya tsinke.
Allura na jikin hulata, na ce ya matsa in ɗinka.