Sunan da ke Ƙasan Takarda

Ƙarfe biyun dare a Ƙofar Sauri,
an ɗauke wuta, batir saura kashi tara,
ni kuwa ina can Amurka
ta alif ɗari takwas da ashirin da takwas,
ina bin wata takarda da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

An zana akwatunan gawa, baƙaƙe wuluk,
an jera su a kan shafi kamar kayan kanti.
Aka ce: wanda kuke shirin ba wa ragama,
shi ya cika waɗannan.
Wata takardar ta rama,
ta ce wancan ɗan gata ne, bai san zafin rana ba.
Ba su bar uwa ba, ba su ƙyale matar aure ba.
Ashe ba a garinmu
aka yanke wa zambo cibiya ba.

Dakta Rumah, mai duba aikina, ya ce:
"Ki ware gaskiya gefe, ƙarya gefe."
Na ce to.
Wata uku ke nan ina tankaɗe,
garin da dusar duk launinsu ɗaya.

Jiya na kai wa Ilu mai kwafi shafi arba'in.
Ya ɗaga guda ga haske, ya karkata hula:
"Malama, wannan wace jam'iyya ce?
Aikin ya fi na bana tsafta."
Na ce masu ita sun kwanta dama
tun ba a haifi kakan kakanka ba.
Ya ce, "Allah sarki.
An dai biya mai bugawa?"

Na yi dariya har bakin titi.
A cikin keke dariyar ta tsaya mini a maƙoshi.

Don Baba ma mai bugawa ne.
Shago ɗaya, inji ɗaya mai tarin tsufa.
In zaɓe ya ƙarato,
'yan wannan su zo da magariba,
'yan waccan su zo bayan lisha.
Ya buga Mai Ceto da kore,
ya wanke faranti da kananzir,
ya buga Ɓarawo da ja,
duka a ƙarƙashin fuska guda.
Ko ranar Juma'a tawada ba ta barin faratansa.
Wanda ya ci ya manta hanyar shagon,
wanda ya faɗi ya ce a yi haƙuri.
Littafin bashin yana nan cikin adakar Inna,
ƙarƙashin zanen da ba ta ɗaurawa.

Sai na koma cikin takardun.
Na bar manyan baƙaƙe masu ihu,
na gangara can ƙasa
inda rubutu ya zama sawun tururuwa.
A ƙasan wata na ga suna. Titi. Lambar shago.
Rabi asu ya ci.

Ban san wa ya zaɓa ba,
ban ma san ko yana da ƙuri'a ba.
Na dai san ya jera haruffa a baibai,
ɗaya bayan ɗaya, da ido mai barci,
don a layi na tara harafi guda ya kife.
Shekara kusan ɗari biyu yana nan a kife,
yana jiran 'yar mai bugawa
ta gan shi daga Katsina.

An yi kiran assalatu.
A waje ina jin yara da bokitin koko
suna manna wata sabuwar fuska a katangarmu,
bisa ta bara, bisa ta bara waccan.

Dakta na jiran babi na uku ranar Litinin.
Abin da na iya rubutawa kafin allon ya mutu
layi ɗaya ne, shi ma a ƙasan shafi:
ba a san ko an biya shi ba.