Goshin Mako da Wutsiyarsa

Ƙarfe ɗayan dare a Unguwar Rogo.
Sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
shayina ya huce tun ɗazu,
kwamfuta ta zuba mini ido:
daga ina mako ke farawa?

Lissafin ba shi da wuya, na ce.
Kama yau, cire lambar ranar,
ka dira a goshin mako;
ƙara shida, ga wutsiya a hannu.
Layi uku na rubuta, na yi miƙa.

Ashe na'ura Lahadi take kira sifili,
Hajiya Kubura kuwa, mai dankali a Farin Gada,
da Asabar take buɗe littafi,
bayan ta sallami 'yan dako ran Juma'a.
Gyang direba ya ce shi Litinin ya sani,
kada a taɓa masa Lahadinsa.

Jiya Tanimu ya kira ni, murya a dishe:
"Malama, buhu sha huɗu na sauke
bayan sha biyun dare.
Ina suka shiga?"
Sun zame cikin makon jiya,
don agogon can nesa yana bin namu da awa guda.

Ga Disamba kuma tana tafe
da mako mai ƙafa ɗaya a bana,
ɗaya a baɗi.

Na goge layukan nan uku.
Na bar gurbi, kowa ya faɗi ranarsa.
Buhunan Tanimu suka dawo gida.

Ladan ya gyara murya a masallacin layinmu.
Nawa makon,
ban tuna ranar da ya fara ba.