Rigar Gwanjo a Jega

A dilar gwanjo, ranar kasuwar Jega,
na tsinci riga mai lamba tara
da hoton wani baƙi, ya saɓa gora.

Kawu Barmo, da ya karanto noman rake a Kuba
ya dawo ya kama ɗinki,
ya juya ta, ya daɗe shiru.

"Anselmo ne. Da yankan rake ya fara.
Can Amurka, in ya maka wa ƙwallo gora
Turawa su miƙe da tafi.
Da dare, a bayan otal yake cin abinci,
shi kaɗai, gefen bola."

Ɗari bakwai na biya.
Hammatar a yage take.
Kawu ya ɗinke da baƙin zare,
ya ƙi karɓar ko sisi.