Gero a Ɓangaren Hagu

Wata uku da sallamo ni daga Shika
na buɗe adaka, sai kayana suka ƙi ni.
Rigar leshin da na sa ranar sunan Yelwa
ta zube gefe guda kamar buhun da ɓera ya huda,
wuyanta ya sauka yana nuna wa duniya tabona,
hannun hagu kuwa ya cije a damtse,
don damtsen ya kumbura,
bai ji labarin an tashi daga yaƙi ba.

Na zura hijabi, mai rufa asirin kowa,
na tari keke zuwa Sabon Gari.
Duk ramin da ke kan titi
sai da ya gaisa da ɗinkin ƙirjina.

Layin masu kamfai.
Rigunan mama rataye a igiya, iska na hura su,
ƙoƙo biyu, ƙoƙo biyu, har ƙarshen rumfa.
Babu wanda ya zauna ya ɗinka don mai ɗaya.

Mama Nkiru ta ce, "Hajiya, lamba nawa?"
Shekara ashirin ina amsa wannan ba tare da tunani ba.
Yau na ce, "Talatin da takwas,"
sai na ji kamar na yi shaidar zur.
Rabin maganar gaskiya ne.
Ɗaya rabin yana Shika,
a kwalba ko a ƙasa, ban tambaya ba.

Ta ce dubu huɗu.
Na ce, "Dubu biyu. Ai rabi zan mora."
Ta tuntsire, ta ce albarka,
sannan idonta ya sauka inda hijabina ya kwanta
dariyar ta koma ciki.
Ba ta ce sannu ba, Allah ya saka mata.
Sannun da na tara a wata uku
ta isa a raba wa unguwa.
Durƙusawa ta yi, ta zaro wata daga ƙasan tebur,
fara, ta auduga, ba ƙarfe, maɓallinta a gaba.
Ta ce, "Wannan ba ta cizo."

A Tudun Wada, Lantana tela ta saki labule,
tef ɗinta ya ratsa ƙirjina a hankali
kamar mai wucewa ta gonar da aka girbe.
Ta ɗaga wuyan rigunana yatsa uku,
ta saki hannuwa,
ta yi wa farar nan aljihu daga ciki.

Auduga muka fara cusawa.
Ranar Juma'a ina ruku'u
ta hauro har ƙashin wuyana tana leƙe.
Lantana ta ce, "Abin da aka cire yana da nauyi.
Gero za mu sa."
Gwangwani ɗaya da rabi, a 'yar jakar ƙyallen atamfa.
Na tallabi na dama a tafi, ta ɗora mini geron a ɗayan,
muna ƙarawa muna ragewa kamar masu awon zinari,
muna dariya har ta koma wani abu
da ba mu ba shi suna ba.

Na shayar da huɗu da wancan.
Wannan ma dai abinci ne.

Sai ruwan Agusta ya tare ni a Kwangila,
na iso gida sharkaf,
na rataye jakar a ƙusa, na manta.
Kwana uku, na zo ɗauka,
ga tsiro kore shar ya huda ɗinkin,
siriri, tsaye, ba ruwansa da kowa.

Na farke jakar, na tona gindin randa, na rufe.

Jiya autana ya ce, "Umma, wa ya shuka gero
damina ta yi nisa haka?"
Na ce, "Kore mini kajin nan. Nawa ne."
Na auni wani gwangwani da rabi a leda.
Lantana tana rufe shago da la'asar.